Gilashin Waya Ya Fashe: Ka Canza da Kanka a Gida, Ko Ka Kai wa Mai Gyara?

Tawa a ƙofar masallaci ta faɗi. Na sunkuya zan ɗauki takalmi, ta zame daga aljihun gaban riga ta kife a kan siminti. Duk mai waya ya san wannan ƙarar, kuma kafin ka ɗaga ta zuciyarka ta riga ta gaya maka abin da za ka gani. Da na juyo ta, sai ga tsaga ta taso daga kusurwar hagu ta bazu kamar saƙar gizo-gizo. Wani dattijo da ke gefena ya leƙo ya ce, "Allah Ya mayar da alheri, ɗan nan," ya saka takalminsa ya yi gaba.

A daren na kwanta ina kallon bidiyon gyara a YouTube ta cikin tsagar. Hannu biyu kawai ake gani a kan farin tebur, sun kwance waya, sun cire tsohon gilashi, sun ɗora sabo, duka cikin minti goma sha biyu. Na ce a raina, ashe wannan ne abin da ake karɓar mana kuɗi a kai? Na gwada da kaina, daga baya kuma na kai wata wayar kasuwa, don haka na ɗanɗani kowace hanya.

Kafin maganar wa zai gyara, ka fara tantance me ya fashe. Mutane da yawa suna zuwa kasuwa da fargaba, mai gyara ya sa farce ya ɓare gilashin kariyar da aka manna a sama, sai a ga na wayar lafiya lau. Idan kuwa na wayar ne, to abin da muke kira sikirin hawa uku ne a manne da juna: gilashin da ke sama, sai taci wanda ke jin yatsa, sai allon da ke nuna hoto a can ƙasa. A tsofaffin wayoyi akan raba taci da allo da sauƙi, shi ya sa a da kake jin mai gyara ya ce taci kawai za a canza. A wayoyin yanzu kusan duka an haɗe su da wani gam mai haske kamar ruwa, ba su rabuwa sai da inji. Idan hoto yana fita tas kuma taci yana aiki ko'ina, gilashin sama ne kawai ya tsage. Idan ka ga baƙin tabo kamar tawada ta zube yana ƙara faɗi kullum, ko koren layi daga sama zuwa ƙasa, ko wayar tana danna kanta, allon ya taɓu, sai dai a canza duka.

Ina kuɗin yake?

Nan ne bidiyon nan suke ruɗin mu. Da yawansu a Amurka da Turai aka yi su, inda ladan hannun mai gyara ke da tsada ƙwarai, har yakan kai kuɗin kayan ko ya wuce. Mutumin can idan ya gyara da kansa ya tsira da kuɗi mai kauri. Har kamfanonin ma sun bi wannan buƙata: a watan Afrilu na 2022 Apple ya fara sayar wa mutanen Amurka kayan gyaran iPhone kai tsaye, yana ba da hayar akwatunan kayan aiki a kan dala 49 na mako guda, akwatuna biyu masu nauyin kusan kilo 36. A shekarar kuma Samsung da Google suka haɗa kai da iFixit, wani kamfani na Kalifoniya da ya yi suna wajen koyar da gyara, don sayar da kayan wayoyinsu.

A wurinmu lissafin a kife yake. Sikirin ɗin shi ne mai cin kuɗi, domin daga China ake shigo da shi, da dala ake sayo shi, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023 farashin duk wani kayan waya ya yi tashin gwauron zabi. Ladan mai gyara kuwa ɗan kaɗan ne a kan kuɗin kayan. Ko da kanka ka gyara, sikirin dai sai ka saya, kuma a farashin mai sayen guda ɗaya, ba farashin da ɗan kasuwa ke ba mai gyaran da ke zuwa wurinsa sau biyar a rana ba. Ka ƙara da kuɗin sukudireba da gam da sauran tarkace. Da na zauna na haɗa abin da na kashe a gwajina na farko, rarar da na samu a kan kai wa mai gyara ba ta kai kuɗin kati na mako guda ba. Wanda zai gyara a gida don neman araha kawai, ya sake lissafi. Akwai dalilai masu kyau na yin aikin da kanka, amma araha ba ta cikin manyansu.

Yadda aikin gida yake a zahiri

Wayar da na gwada a kanta Infinix ce mai matsakaicin kuɗi, bayanta roba, allonta LCD, irin allon da aka fi sakawa a wayoyi masu araha. Na sayi sikirin a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da ƙaramin sukudireba mai bakin kuros, da hantsaki, da gam ɗin da ake kira B-7000, na haɗa da tsohon katin ATM na ɓamɓara. Na ari diraya ta busar da gashi a wurin uwargida, wadda ta ba ni tana kallona irin kallon nan na "za mu gani".

Abu na farko da bidiyo ba ya nunawa shi ne jira. Ana so batir ya sauka ƙasa da kashi 25 cikin ɗari kafin a buɗe, domin batirin lithium da ke cike idan aka huda shi yana iya kamawa da wuta. Sai na jira ya sauka. Sai kuma na jira a kawo wuta, saboda gam ɗin da ke riƙe da murfin baya ba ya sakin jiki sai ya ji zafi, wajen digiri 70 zuwa 80, zafin da za ka taɓa ka janye hannu da sauri. Aka kawo wuta bayan isha'i. Na gasa gefen wayar, na zura katin, murfin ya fara ɗagowa, daɗi ya kama ni, na fizge shi gaba ɗaya.

Ashe na'urar karanta zanen yatsa tana manne a jikin murfin, wata siririyar igiya mai kama da zaren kaset, wadda masu gyara ke kira fuleks, ita ce ta haɗa ta da injin wayar. Ban ji ƙara ba, ban ga tartsatsi ba. Na dai ga guntun abu rawaya yana reto. Mai bidiyon ya yi gargaɗi a kai, sai dai a daidai wurin na tsallake gaba don na ƙagu.

Sauran aikin ya tafi, amma da gumi. Noti wajen goma sha biyar ne, kowane bai kai ƙwayar gero biyu ba, ɗaya ya faɗi a kan darduma na yi minti ashirin ina lalube da tocila. Igiyar sikirin ta bi ta ƙarƙashin batir, don haka dole a ɗaga batir, shi kuma a manne yake da gam mai ƙarfi. Wannan ne wurin da ya fi haɗari a duk aikin. Ba a sa ƙarfe, ba a lanƙwasa shi, a hankali ake bi da roba. Bayan nan sai kankare tsohon gam da ɓarɓashin gilashi daga jikin firem, wato ƙashin wayar da sikirin ke zama a kai, domin ƙwaya ɗaya idan ta saura a ƙarƙashi za ta tokare sabon sikirin ya tsage da ka danna shi. Na shafa gam siriri a gefe-gefe, na ɗaure wayar da robobin ɗaure kuɗi, na bar ta ta kwana. Da safe ta kawo, hoto tas, taci lafiya. Yatsa kuwa har na sayar da wayar ba ta sake gane shi ba. Garin neman gira na rasa ido, ko da yake ƙaramin ido ne. Awa uku na yi a aikin da yaron kasuwa ke gamawa kafin ka shanye leda ɗaya ta ruwa.

Akwai abu ɗaya da na yi daidai, kuma duk hanyar da ka bi ka riƙe shi: kafin gam ya taɓa sabon sikirin, kafin ka ɓare ledar da ke fuskarsa, jona shi a haka a sake, kunna wayar, ka bi kowane lungu da yatsa, ka duba haske a kan farin shafi da baƙi. Masu sayarwa ba sa karɓar sikirin da aka shafa wa gam ko aka ɓare wa leda. In yana da matsala kuma ka riga ka manna, kuɗinka ya bi ruwa.

Wani zaɓin da ke gaban mai aikin gida shi ne sikirin zalla ko wanda ya zo haɗe da firem ɗinsa. Mai firem ya fi tsada, amma ya raba ka da kankara da shafa gam, kuma yana zama daram kamar daga kamfani. Sai dai dole ka kwashe komai, injin da batir da kyamara da lasifika da maɓallan gefe, ka mayar cikin sabon gida. Idan faɗuwar ta lotsa kusurwar firem, wannan ne kaɗai mafita, don sabon gilashi a kan lanƙwasasshen firem ba ya daɗewa. Sai kuma ƙura. Wanda zai buɗe waya a cikin hunturu ya rufe taga ya kashe fanka, in ba haka ba zai ɗinke ta da ƙura a kan idon kyamarar gaba.

Ba duka wayoyi ne ɗaya ba

Ƙananan Tecno da Infinix da itel, waɗanda duka na kamfanin Transsion ne, da ƙananan Redmi da Samsung masu allon LCD, su ne suka fi sauƙi ga sabon hannu. Kayansu sun cika kasuwa, kuma in ka yi ɓarna ba ta kai ta hana ka barci ba.

Masu allon OLED ko AMOLED, irin allon da ya fi LCD kyawun hoto, wani zance ne daban. Allon siriri ne kamar takarda, yana da tsada, a manyan Samsung masu lanƙwasasshen gefe kuɗin sikirin na asali yakan doshi kuɗin wayar a hannu na biyu. Bayan manyan nan gilashi ne, shi ma yana fashewa wajen buɗewa. Waɗanda ke karanta yatsa ta cikin allo sukan buƙaci a daidaita na'urar bayan canji.

iPhone tana da nata tarkon. Notin da ke ƙasanta mai baki biyar ne, daga iPhone 7 kuma akwai masu baki uku a ciki, don haka sukudireba na musamman ake nema. Notin cikin ba tsawonsu ɗaya ba, in ka ɗaura dogo a ramin gajere yana iya huda layin da ke jikin injin, wannan ɓarnar kuwa ta fi fashewar gilashi nesa ba kusa ba. Maɓallin gida na masu Touch ID, wato mai karanta zanen yatsa, a ɗaure yake da injin wayar, sai dai a ciro na asalin a mayar a sabon sikirin. A iPhone X da wasu na bayanta akwai igiyar da ke manne a saman sikirin wadda Face ID ya dogara da ita, in ta yage, shi ke nan gane fuska ya tafi. Daga iPhone 11 kuma wayar kan fito da saƙo cewa ba ta tabbatar da ingancin allon da aka saka mata ba. Ni dai ba zan ba wanda bai taɓa buɗe waya ba shawarar ya fara koyo a kan iPhone ɗin da yake amfani da ita ba.

Sannan suna kaɗai ba ya isa wajen saye. Galaxy A32 iri biyu ce: mai 4G allonta AMOLED ne, mai 5G kuma LCD, girmansu ma ba ɗaya ba, sikirin wannan ba ya shiga waccan. Ka nemo lambar samfurin a cikin saitin wayar ko a jikin kwali, da ita za ka yi ciniki.

A teburin mai gyara

Karo na biyu Samsung ce mai AMOLED, ta ƙanwata. Na kai ta wurin wani matashi da aka yi mini kwatancensa, tebur ɗaya da kujera a ƙarƙashin lema, ga faranti mai zafi na narkar da gam, ga tabarau mai ƙara girma, ga tulin matattun wayoyi a cikin kwali. Ya juya ta ya ce, "Yallaɓai, wanne za a saka? Akwai orijina, akwai ciro, akwai OLED na kofi, akwai insel."

Na ce ya yi mini bayani kamar ban san komai ba. Ya yi dariya. "Ciro shi ne na asali da aka cire daga wata wayar da injinta ya mutu. Kofi yana da kyau, amma haskensa bai kai ba a rana. Insel kuwa LCD ne aka yi masa siffar wannan, shi ne mafi araha. Zai yi aiki, sai dai zai ɗan yi tudu, zai fi shan caji, kuma yatsan cikin allo ba zai yi ba. In Hajiya ba ta damu da yatsa ba, sai a saka."

Wannan bayanin shi ne ainihin abin da kake saya a wurin mai gyara na ƙwarai, ya fi aikin hannun daraja. Mai zaune a gida yana duba hotuna a intanet, kowane mai talla ya rubuta "na asali", ba shi da hanyar ganewa sai kaya sun iso, wataƙila bayan makonni in daga China ne. Mai gyara kuwa in ya karɓo sikirin ya ga ba shi da kyau, yaronsa zai ruga ya canzo cikin minti biyar, don shi da mai shagon kullum suna tare. Kuma in ya fasa wajen sakawa, asararsa ce.

Akwai aikin da da wuya ya yiwu a gida: canza gilashin sama kawai a bar allon asali. Sai da injin da ke gasa sikirin ana yanka gam ɗin da siririyar waya, da injin manna sabo, da na fitar da kumfar iska. Ba kowane mai tebur ke da su ba, amma a manyan kasuwanni kamar Farm Centre da titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ana samun masu yi. Ga mai babbar Samsung ko iPhone wadda hotonta bai taɓu ba, wannan ce hanyar da ta fi dacewa, don ka tsira da allonka na asali a kan kuɗin da bai kai na sabon sikirin ba. Ka dai tambaya tun farko: in allon ya mutu a hannunka, wa zai biya?

Kasuwa tana da nata ciwon. Akwai masu karɓar kuɗin orijina su saka kofi. Akwai masu gyaran gangar Auzinawa, ka kai da matsala ɗaya ka dawo da uku, noti biyu sun ɓace, lasifika ta toshe da gam. Akwai ƙorafin da aka daɗe ana yi na musanya batir ko kyamara idan an bar waya ta kwana. Maganin duka ɗaya ne: ka je wurin wanda wani naka ya gwada, ku yi ciniki a kan irin sikirin da sunansa, ka gan shi a ledarsa, ka zauna a yi a gabanka, ka karɓi tsohon ka tafi da shi. Wanda ya ce ka je ka dawo gobe a kan canjin sikirin ɗin da akwai shi a kasuwa, ka ɗauki wayarka ka ƙara gaba.

Cibiyoyin kamfani, irin Carlcare na masu Tecno da Infinix da itel, ko wakilan Samsung, su ne suka fi ba da tabbacin kaya na asali da rasit. Sun fi tsada galibi, kuma wani lokacin sai an jira kaya. Idan wayarka sabuwa ce tana cikin garanti, can ya kamata ka nufa, domin duk da garanti ba ya ɗaukar fashewa, buɗe ta a gida ko a kasuwa yana iya ɓata abin da ya rage na garantin. Ka kuma duba takardun da suka zo da ita, wasu wayoyin ana sayar da su da alƙawarin canjin gilashi a cikin wani wa'adi, masu su ba su sani ba har lokaci ya wuce.

Sirri, da nisa

Dalilin da ya fi ƙarfi na gyara a gida, a ganina, shi ne abin da ke cikin wayar. Ƙanwata ba ta damu da farashi ba kamar yadda ta damu da hotunanta na gida babu mayafi, da hirarrakinta, da manhajar banki. Tana da gaskiya. Amma canjin sikirin ba ya buƙatar mai gyara ya san lambar sirrinki. In ya ce zai gwada taci, ki karɓa ki buɗe da hannunki ki gwada a gabansa. A cire layi da katin ajiya kafin a miƙa. Sababbin Samsung suna da wani yanayi na gyara a cikin saiti wanda ke ɓoye hotuna da saƙonni har sai mai ita ya dawo da ita yadda take. Kuma a kwafe komai tun da wuri, musamman in wayar ta fara danna kanta, don tana iya ta danna lambar kuskure har ta kulle. In hoto yana fita amma taci ya mutu, ana jona linzamin kwamfuta ta igiyar OTG a yawancin wayoyin Android a buɗe a kwashe abin da ke ciki.

Sai nisa. Wanda ke ƙauyen da sai ya yi tafiyar awa biyu kafin ya ga mai gyara, kuɗin mota zuwa da dawowa ya canza lissafin gaba ɗaya. In direban garinku zai iya karɓo maka sikirin mai firem da lambar samfurin da ka rubuta masa, kuma wayar ƙarama ce mai LCD, kuma kana da haƙurin ɗinka maɓalli ba ka yi tsaki ba, to gwada. Haka matashin da ke son koyon sana'ar, sai dai ya fara da matattun wayoyi, ana samunsu da araha.

Ko wa ya buɗe, wayar da aka ce ruwa ba ya shigarta ba za ta koma yadda take ba sai an sa irin gam ɗinta na asali an matse da inji, don haka kada a sake yarda da ita a ruwan sama. In kuma kuɗin sikirin ya haura rabin abin da za a sayi wayar a hannu na biyu, ni ba na gyarawa. Nakan manna gilashin kariya a kan tsagar don kada ta yanki yatsa, in lallaɓa zuwa lokacin da zan canza.

Ta ƙanwata ciro muka saka. Yaron ya jona shi a sake, ya miƙo mata ta dangwala yatsa ya buɗe, sannan ya shafa gam. Minti arba'in ba su cika ba. Da zan biya na ba shi labarin fuleks ɗin da na yage, ya girgiza kai ya ce, "Ai yallaɓai da ka kawo ta, akwai shi a layin baya, ba ya kai kuɗin shayi da burodi."